Ganyen Madam a Miyar Kuka

Da wuya in manta ranar da na ci tuwo a gaban surukata. Lokacin ina kuku a gidan wani Anasara mai kula da aikin hanya a Gaya, ana gab da samun mulkin kai. Matarsa, Madam, tana da wani busasshen ganye a kwalba, origan take ce masa. Da yatsu biyu take barbaɗa shi a kan kifi ko tumatir. Ni kuwa a lokacin duk abin da ya ƙetaro teku ya fi namu, har ganye.

Da za su tafi hutu ta ba ni ragowar kwalbar. A makon ne surukata ta zo daga Bengu ganin 'yarta Hadiza. Na ce yau tsohuwa za ta san 'yarta wayayye take aure. Hadiza ta ɗora miyar kuka da kifin kogi ta fita ɗebo ruwa, na lallaɓa na juye kwalbar duka a tukunya (a tunanina tunda kaɗan ya yi daɗi, mai yawa sai ya fi).

Ina zaure aka kira ni. Surukata ta yi loma ɗaya ta ture akushi. Ba ta ko dube ni ba, da 'yarta take magana.

"Hadiza, wa ya zuba magani cikin miyar ga? Ke aka nufa ko ni?"

Na durƙusa na ce, "Inna, ba magani ba ne, ganyen Anasara ne."

"To in abinci ne, mai gidanki shi ci mu gani. In bai ci ba, ɗaure kayanki, da ke za ni Bengu."

A wurinmu namiji ko ruwa ba ya sha a gaban surukarsa. Haka na wanke hannu na zauna, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga ɗaci, ga yauƙi, ga matan maƙwabta suna leƙe ta saman darni. Na cinye tas. Ta ɗan jira ta ga ko zan faɗi, sannan ta ce, "Ashe wauta ce kawai. Zamna ɗakinki."

Ban taɓa jin daɗin a kira ni wawa irin na ranar ba. Tun daga nan na gane cewa wayewata a madafar Madam ta tsaya, tukunyar Hadiza kuwa sai dai in gaishe ta daga nesa.