Hannun da Ya Fito Daga Kabari

A jana'izar wani dattijo a Fadan Kaje, na ba kabarin baya ina wa'azi cewa matattu za su tashi cikin ƙyaftawar ido. Har na bugi ƙirji na ce, "Ni a shirye nake in tarbe su."

Sai wani hannu mai sanyi, duk jar ƙasa, ya kama ƙafata, murya ta taso daga ramin: "Baba, ja ni."

Ban san sa'ad da na tsallake kunyoyin citta na gonar da ke gefe a guje ba. Ashe mai haƙa kabarin ne bai fito ba tukuna.

Har yau matasan ikilisiyar da nake dattijonta kan gaishe ni da laƙabin saurin gudun nan: "Elda Shap-shap, an tarbe su lafiya?"