Direban da Ya Koma Gyaran Kwamfuta

Wani direba ne, shekararsa goma sha tara yana tuƙa motar wani ofis. Motar ta tsufa ta gaji, rannan aka sayar wa 'yan gwangwan da ita. Manaja ya sa aka kira shi.

"Malam Direba, ka ga dai babu mota. Direba ba mota kuwa ban san me zai riƙa tuƙawa ba. Ƙarshen wata sai ka je ka huta."

Direba ya tuna nauyin da ke kansa. 'Ya'ya shida a gida, ga tsohuwarsa, shi kuma ban da sitiyari bai taɓa riƙe komai ba a duniya. Ya shiga rarraba ido a ofishin yana neman abin da zai kama. Can a kusurwa ya hango wata kwamfuta an lulluɓe ta da tawul.

"Yallaɓai, waccan fa? Lafiyarta ƙalau?"

"Ina fa lafiya. Yau kwana huɗu ke nan ta ɗauke. Mai gyara ya duba, ya ce manhajarta ce ta lalace. Ya ba mu wannan faifan, ya ce a saka mata a kunna, za ta tashi daga kansa, mu lallaɓa da haka kafin ya dawo daga tafiya. Mun saka, mun kunna, ta ƙi. Ga takardun ofis duk suna cikinta."

"Ta ƙi tashi?" Nan take direba ya ji ransa ya dawo jikinsa. "Yallaɓai, ai abin da ya ƙi tashi shi ne sana'ata. Motar nan da kuka sayar, wa yake tayar da ita kullum da safe?"

"Ka san kwamfuta ne?"

"Inji ce ko ba inji ba?"

"Inji ce."

"To magana ta ƙare."

Manaja ya ga ba abin da zai yi asara. Ya ce, "In ka tayar da ita kafin ƙarfe huɗu, ka zauna, kai ne mai kula da ita. In ba haka ba, maganarmu tana nan."

Direba ya naɗe hannun riga. Ya ɗauko tsumma da sifana daga tsohuwar jakarsa, ya kira sakatariyar ofishin, wadda ita ce ke aiki da kwamfutar tun da aka saye ta.

"Malama, buɗe min bonet."

Ta harare shi, amma ta kwance murfin gefe. Ya cusa kai ciki, ya daɗe, ya fito yana salati.

"Ba ruwa, ba mai, ko ɗigon baƙin mai babu! Shekara nawa kuna aiki da ita a bushe haka?"

"Ba a sa mata mai."

"Shi ya sa."

Ya ce a kunna ya ji kukanta. Sakatariya ta danna wani maɓalli, ɗan faranti ya zuro daga gaban kwamfutar, ta ɗora faifan, farantin ya koma ciki. Direba ya manna kunnensa a jikin ƙarfen ya lumshe ido. Aka ji ƙirrr, sai ƙit. Allo ya yi baƙi ƙirin, da ɗan layin rubutu guda a can sama.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba."

"Duk haka suke cewa. Fito min da faifan."

Ya hure shi, ya shinshina, ya goge shi a cinyar wandonsa kamar yadda yake yi wa filogi, ya mayar. Ƙirrr, ƙit. Ya ɗan ƙwanƙwasa wajen farantin da sifana, ya ce kik ne ya maƙale. Ƙirrr, ƙit. Ya ce a kawo kwamfutar akawu a haɗa su da waya a ara mata wuta. Akawu ya rungume tasa, ya ce ko da wasa kada wanda ya matso.

Haka aka yi ta fama har ƙarfe uku. Direba ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, gumi na zuba. Tsoro ya kama shi na gaske. Ya fara tunanin da wane baki zai gaya wa matarsa, ya rasa. Yana cikin haka sai akawu ya turo kujerarsa baya don ya ɗauko fayil, kujerar ta gangaro sululu a kan tayoyinta. Direba ya bi tayoyin da kallo. Ya miƙe zumbur.

"Kai, ni ma dai! Turi take so!"

"Wa za a tura?" in ji sakatariya.

"Ita mana. Injin da ya ƙi kik, me ya rage masa?"

Ofishin yana da wata doguwar baranda, ɗakuna hagu da dama, ƙarshenta ƙofar sito. Direba ya auna ta da taku, ya ce za ta isa a ɗauki gudu. Matsalar wuta ce, don wayar kwamfutar ba ta fi kamu uku ba. Ya bi ɗaki-ɗaki yana zare wayoyin ƙari. Ya cire ta firij, ya cire ta fankoki, ya cire ta butar shayin Manaja, ya jona su duka har suka yi tsawon barandar.

Sai ya raba aiki. Masinja zai riƙe allo ya riƙa gudu a gefe. Akawu zai tsaya a baya yana sakin waya. Shi da Baba Maigadi su ne 'yan turi.

"Ke kuma, Malama, ke ce a sitiyari. Ki zauna a kujerar akawu, ki ɗora ta a cinya, madannan rubutu a samanta. In na ce saki, ki danna maɓallin kunnawa."

"Ni? Da girmana, da 'ya'yana uku, za ka tura ni a baranda?"

"Don Allah, 'yar'uwa. Abincin yarana ne a cinyarki."

Ta dube shi, ta ga idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ta yi tsaki, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta zauna.

Turin farko Baba Maigadi ya yi shi ne a hankali, don gwiwa na damunsa. Direba ya ce saki, ta danna. Ƙirrr, ƙit.

"Ba ta ɗau gudu ba. Baba, ba gawa muka ɗauko ba fa. A koma baya!"

A turi na biyu gudun ya yi, amma akawu ya shagala da kallo ya manta da sakin waya. Wayar ta miƙe, ta fizge shi, ya zube a ƙasa da tabaransa. Ya tashi yana cewa shi lissafi ya karanta, ba jan igiya ba. Direba ya karkaɗe masa riga, ya ba shi haƙuri, ya dubi agogon bango. Saura minti ashirin.

"Wannan karon daga can ƙarshe za mu taso. Kowa ya ba da hanya! Baba, ka tuna ƙuruciya!"

Suka taso. Tayoyin kujera na ƙara, masinja na gudu da allo a ƙirji yana kiran sunan Allah, sakatariya ta runtse ido ta ƙanƙame kwamfuta. Ma'aikata suka leƙo ta ƙofofi, wasu suka ajiye biro suka shiga turin ba tare da sun san dalili ba. Kujera ta wuce ɗakin taro, ta wuce banɗaki, ta nufi sito gadan-gadan.

"Saki!"

Daidai lokacin tayar gaba ta ci karo da dokin ƙofar sito. Kujera ta yi tsalle, sakatariya ta yi sama da kwamfuta, ta dawo daɓas, yatsanta ya sauka kan maɓallin. Kowa ya kasa kunne.

Ƙirrr. Ƙirrrrr. Ba a ji ƙit ba. Faifan ya ci gaba da juyawa, allon da ke ƙirjin masinja ya yi haske.

"Ta kama!" in ji direba. "Kada ta mutu! Ba ta wuta, Malama, taka totur!"

"Ina totur ɗin yake?"

"Danna komai!"

Ta kai hannu ta daddanna madannai yadda ta ga dama. Abin da rubutun kan allon yake nema ke nan, a danna ko wanne. Kwamfuta ta buɗe tar, takardun ofis suka jeru reras. Ashe wata 'yar waya ce a bayan farantin ta yi sako-sako, tsallen ya mayar da ita gurbinta. Amma a barandar nan ba wanda ya san haka, kuma ba wanda ya tambaya. Baba Maigadi ya zauna a ƙasa yana haki yana cewa shi tun farko ya san za ta tashi.

Manaja ya fito da kofin shayi mai sanyi a hannu, yana neman wanda ya cire masa buta. Ya ga sakatariyarsa a bakin sito, ɗankwali a karkace. Ya ga akawu da ƙullutu a goshi. Ya ga allo yana haske. Ya dubi agogo, huɗu saura minti goma.

"Tashi dai ta tashi," in ji shi. "Alkawari kuma alkawari ne. Malam Direba, ka zauna."

Direba ya durƙusa yana godiya, hawaye na zubo masa. Aka ɗauki kwamfuta da girmamawa aka mayar da ita kan teburinta. Masinja ya dire ta da ɗan ƙarfi, 'yar wayar nan ta sake zamewa. Manaja ya ce bari ya gwada da hannunsa ya gani.

"Yallaɓai, kada ka kashe, ba ta yi zafi ba!"

Ina, ya riga ya kashe. Ya sake kunnawa. Ƙirrr, ƙit. Allo baƙi ƙirin.

Manaja ya ajiye kofinsa a hankali. Ya dubi barandar, ya dubi tulin wayoyi, ya dubi mutumin da ya gama ba wa aiki.

"Malam Direba, wato yanzu kullum da safe sai an tara min ma'aikata, an kashe min firij, an ɗora matar mutane a kujera an tura?"

Direba ya goge hannunsa da tsumma.

"Haba Yallaɓai, wa zai wahalar da mutane haka? In an tashi aiki sai a riƙa fakin ɗinta a gangare."