Yadda Ake Hana Suruki Nuna wa Jika Wasan Chile da Italiya

'Yar'uwa, in kina da suruki mai son tsoffin wasannin ƙwallo, irin waɗanda 'yan sanda ke shiga fili su fitar da ɗan wasa, kuma kina da ɗa mai kwaikwayon duk abin da ya gani, matso kusa. Na gwada hanyar nan da kaina a unguwarmu ta Aziziyya, kuma na ba ki tabbaci tana ci.

Duk Juma'a bayan an ci abinci, baban mijina yakan ɗora ɗana Meshari a cinya, ya kunna masa wasan Chile da Italiya na 1962: naushi, shuri a wuya, alƙali na ta rabon faɗa. Ranar Lahadi, da aka koma karatu, yaro ya je rawda, wato makarantar ƙananan yara, ya kwashe ƙafafun ɗan mutane. Malamarsu, Abla Tahani, ta ce in ya sake, shi ke nan, mu nemi wata makaranta. Babu wata kusa da mu.

1. Kada ki buɗe baki

Suruki ne. Sunansa ma ba kya faɗa, balle ki ce ya kashe talabijin. Kai shayi, ki durƙusa daidai gaban allon, ki yi ta jera kofuna. Ni na jera har ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ɗan gusa, yanzu za a yi naushin."

2. Tura mijinki

Zai tafi da fuska a murtuke. Kada ki sa rai. Da na leƙa, mijina Abdulghani na zaune kan kafet yana cewa, "Baba, ɗan mayar baya, ban ga gwiwar hannun ba." Masana sun tabbatar namiji a gaban babansa ba ya wuce shekarun firamare.

3. Gwada ƙarya

"Mama, me ya sa ya mare shi?"

"Ba mari ba ne, habibi. Sauro ya gani a kumatunsa."

"To me ya sa ya kwanta?"

"Ya gaji."

Wannan mataki ki tsallake shi in kina da jaririya. Washegari na kama Meshari yana neman sauro a fuskar ƙanwarsa Arwa.

4. Tuna da wasan jika da kaka

Abin da bakinki ba zai iya ba, ƙafar jika an yafe mata tun asali. Ranar Juma'a ki sa masa takalmin Sallah, mai taurin bakin nan. Ki ce a hankali, "Je ka nuna wa kakanka Jiddo abin da ya koya maka." Sai ki shige kicin ki buɗe famfo.

Duk da ƙarar ruwan na ji: "Wayyo! Ya walad, kai yaro! Ƙwaurina!"

"Tashi, Jiddo, daina birgima! Kai ka ce da haka mazan da suke buga ƙwallo."

"Zo nan, ɗan banza, yau sai na sayar da kai a kasuwar Balad!"

5. Fito da ƙanƙara da fuskar mamaki

Miƙa da hannu biyu, ido a ƙasa. Baba na murza ƙafa ya ce, "Wai wa ya koya wa yaron nan wannan mugunta?" Kada ki amsa. Ko tari kada ki yi. Ya dubi kowa a falon, sannan ya tsaya kan ɗansa: "Abdulghani, kai kake lalata shi. Daga yau in yaro na nan, ba ƙwallo a gidan nan."

Yanzu shirin kifaye suke kallo. Abla Tahani ta ce Meshari ya natsu, sai dai yana yawan tambaya ko kifi na da ƙwauri.

Gargaɗi

Ni ban ce kowa ta sa a shuri dattijo ba. In surukinki mai ciwon gwiwa ne, ko ya yi dariya ya sayo wa yaron takalmin ƙwallo mai ƙusoshi, ke da mijinki ku ƙarata. In kuma zancen ya kai kunnen uwar mijina, ban san wadda ta rubuta wannan ba. Ni ko ƙwallo ban iya kallo ba.