Yadda Za Ka Sauka Daga Layin Wata Zuwa Layin Kati Ba Tare Da Surukarka Ta Sani Ba

Idan ka bi abin da zan faɗa maka tiryan-tiryan, na yi maka alkawari za ka rabu da layin biyan wata, ka koma layin kati, aljihunka ya samu ya yi numfashi, kuma ba mai sanin ka sauko. Matarka ba za ta sani ba, maƙwabta ba za su sani ba, ballantana surukarka. Ni ne Mang Ambo, mai aski a bayan kasuwar Lipa. Kawunan mazan garin nan duk sun bi ta hannuna, na san abin da ke cikinsu. Dabarar nan kuwa gwadajjiya ce. Na gwada ta a kan aminina Nestor Dimaculangan, kuma har yau yana raye.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da kake shirin rasawa

Layin wata mutunci ne. Nestor ya shige shi lokacin da yake neman auren Ningning, a zamanin da masana'antarsu ke ba su aikin ƙarin lokaci. Uwar yarinyar, Inay Asyang, ba ta tambayi asalinsa ba. Tana jin an ce yana kan layin wata, ta ƙara masa cinyar kaza.

Tun daga nan wayarsa ta zama ta dangi. Duk Lahadi bayan coci, da ita ake kiran Boyet, yayan Ningning mai aiki a jirgin ruwa. Jikoki su jona data su yi ta kallon raye-raye. Inay Asyang kuwa ta riƙa cewa, "Ku sha abinku, ta Nestor ba ta ƙarewa."

Sai masana'anta ta soke ƙarin lokaci, kamfanin waya kuma bai soke komai ba. Ranar da Nestor ya zo aski, ya zauna bai ko kalli madubi ba.

Ya ce, "Pare, abokina, ko dai wayar nan, ko makarantar 'yata."

Na ce, "Ka faɗa wa Ningning?"

"Idan na faɗa wa Ningning ai na faɗa wa uwarta."

Ka ga mai hankali ke nan. Gaskiya aba ce mai kyau, shi ya sa ba a yawo da ita a waje, kada ta yi datti.

Mataki na biyu: Ka je ofishin kamfani da rigar zuwa coci

Kada ka je a yamutse, za su gane talauci ne ya kawo ka, su fara tausayinka. Ka goge riga, ka shiga kana taku ɗai-ɗai.

Za su haɗa ka da wata yarinya mai murmushi wadda aka horar don kada ta bar kowa ya fita. Za ta ajiye sabuwar waya a gabanka, ta ce kyauta ce idan ka sabunta yarjejeniya. Kada ka kalli wayar. Ka kalli fanka.

Ta Nestor cewa ta yi, "Haba Yallaɓai Nestor, me muka yi maka? Shekara da shekaru muna tare."

Ya ce, "Zan bar duniya ne. Gidan sufaye zan shiga, can ba a waya."

Ta dubi hannunsa. "Amma Yallaɓai, ga zoben aure a yatsanka."

Ya ce, "Shi ya sa."

Sai ta hau danna na'ura. Abu ɗaya kada ka manta: ka ce a bar maka lambarka. Mutumin da ya canja lamba, ko kare ya san wani abu ya faru.

Mataki na uku: Kada ka sa kati a unguwarku

Kowace unguwa tana da Aling Bebang ɗinta. Tamu tana zaune a tagar shagonta, bayan ragar waya, tsakanin ƙullin sabulu da gwangwanin kifi, tana sayar da kati tana raba labari kyauta. Idan ka sa kati a wurinta, kafin saƙon shigar kuɗi ya iso wayarka, labarin ya isa kunnen surukarka.

Saboda haka ka yi nisa. Na tura Nestor can ƙarshen gari, bayan maƙabarta, sai an sauya jifni, motar haya, kafin a kai. Wani zai ce ai kuɗin mota zai cinye abin da aka rage. Kada ka saurari masu irin wannan lissafi, ba su san darajar sirri ba.

A can ya samu wani ɗan shago mai fentin ruwan hoda. Mai shagon, Cherry, bazawara ce mai jan baki da dariya kamar an kaɗa ƙararrawa. Wannan ba ya cikin tsarina. Ni shago na ce ya nema.

Idan ka je, ka matsa jikin taga sosai, ka waiga hagu, ka waiga dama, sannan ka raɗa mata lambarka a hankali don ta tura maka katin. Ka biya, ka yi murmushin godiya, ka ɓace.

Mataki na huɗu: Ka zama mutum mai gajeriyar magana

Mai layin wata yana gaisuwa har ya tambayi lafiyar kaji. Mai layin kati ba ya haka. Ana ɗauka ka ce, "Ina hanya," ka kashe. Idan kai kake son magana, ka buga sau ɗaya ka katse, in an kira ka ce yatsanka ne ya zame.

Jikoki kuwa, idan suka zo neman data, ka ce musu likita ya ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ranar Lahadi, da Boyet ya gama cewa yana lafiya, ka fara zagaya tsakar gida da waya a sama kana cewa, "Teku ce, Inay, igiyar ruwa ce take cinye maganar."

Mataki na biyar: Ka ɓoye saƙonni, ka ƙara fara'a

Kamfani zai riƙa turo maka saƙo safe da rana yana tuna maka cewa katinka ya kusa ƙarewa. Kana jin ƙara ka wawuri wayar, ka juya baya, ka karanta, ka goge. Ka kifa ta idan kana cin abinci. Ka shiga wanka da ita.

Idan matarka ta fara yi maka kallon gefe, alamar nasara ce. Ka ƙara fito, ka ƙara turare, ka zo in gyara maka gashin baki, don kowa ya ga ba ka da damuwa. Nestor ya bi wannan shawarar sau da ƙafa. Ningning ta daina cin abinci, ta koma wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Na ce masa kada ya damu, zafin gari ne.

Mataki na shida: Ranar biki, ka cika layinka

Wannan matakin na ƙara shi ne daga baya.

Ranar bikin waliyyin unguwa, gidan Inay Asyang ya cika. An jera taliyar pansit da naman adobo, an kafa na'urar waƙa a ƙofar gida. Ni ma ina wurin, na je cin rabona. Nestor ya lura gwaggwannin matarsa sun zauna a jere kamar alƙalai, ba mai tauna komai, amma ya ɗauka ƙoshi ne.

Inay Asyang ta sa aka kashe waƙa. Ta ce, "Nestor, kira mini Boyet. Ka buɗe murya kowa ya ji. Shi ne namijin gidan nan, gara ya ji da kunnensa."

Nestor ya kira, gumi na bin wuyansa. Shi ya san abin da ya rage a layin, ba zai kai mutum bakin ruwa ba, balle tsakiyar teku.

Boyet na ɗauka, Inay Asyang ta fara. "Boyet, ƙanwarka tana cikin wuta. Mijinta ya yi mata 'yar waje. Ƙanwar Bebang ta gan shi da idonta, bayan maƙabarta, manne da tagar wata bazawara. Duk zuwa sai ya raɗa mata lambarsa, duk zuwa! Har kuɗi yake miƙa mata!"

Nestor ya buɗe baki. Ningning ta rufe fuska da gefen riga. Daga cikin waya Boyet ya daka tsawa, "Ina yake? Ba shi wayar! Nestor, idan na sauka jirgin nan, na rantse sai na..."

Ƙit, layi ya yanke. Sai ga muryar mace, mai sanyi, mai ladabi, ta cika tsakar gida: "Yi haƙuri, kuɗin da ke layinka bai isa ka ci gaba da wannan kira ba. Da fatan za ka sa kati."

Gwaggo Iska, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta miƙe tana nuna wayar da cokali. "Ita ce! Bazawarar ce! Ku ji, har kuɗi take nema a gabanmu!"

Ningning ta sauke riga daga fuskarta a hankali.

"Nestor. Kati kake sakawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Kati, Ning. An soke mana ƙarin lokaci. Ita matar kati take sayar mini."

Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta cire silifa ta bi shi da gudu suna zagaya tebur. "Ashe talaucewa kawai ka yi! Na gode wa Allah! Tsaya in kashe ka! Dubi yadda na rame, ashe talauci ne kawai!"

Gwaggwanni suka ja faranti suka hau ci. Inay Asyang kaɗai ba ta motsa ba. Da aka lafa, ta dubi surukinta ta girgiza kai.

Ta ce, "Da mace ce, da na san abin da zan faɗa wa mutane."

Mataki na bakwai: Ka karɓi sulhu yadda ya zo

Kafin mako ya zagayo, Inay Asyang ta buga allo a tagar ɗakinta, ta fara sayar da kati. Ta ce tunda abin kunyar ya riga ya fita, gara ribarsa ta tsaya a gida. Yanzu a wurinta Nestor yake saye, ko yana bukata ko ba ya bukata. Duk Lahadi sai ya cika layi a gabanta kafin a kira Boyet, ita ta ci riba, ita ta yi hirar. Lambar tasa kuma da ƙarfi take sa shi ya faɗa, wai a gidanta ba a raɗa.

Ya tambaye ta yaushe wa'adin wannan tsarin zai cika. Ta ce ya tambayi limamin da ya ɗaura musu aure.

Amma 'yarsa tana makaranta, Ningning ta mayar da ƙibarta, kuma sirrin bai tonu ba sai ranar da ya tonu. A wurina wannan nasara ce.

Sanarwa

Ni mai aski ne, iyakacin alhakina daga wuya zuwa sama, shi ma ta waje. Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya kwana a baranda, ko silifa ta same shi a ƙeya, ko ya wayi gari da suruki mai jiran jirginsa ya iso gaɓa, to shi da ƙafarsa ya je, ban raka shi ba. Mai ƙorafi ya kira ni a waya. Kada ya yi mini filashin, don ba zan iya kiran kowa ba a halin yanzu, saboda wasu dalilai da ba su shafe ka ba.