Ranar da Na Zubar da Fitsarin Laminu

Duk abin da tsufa zai kwashe mini ya kwashe, amma ba zan taɓa mantawa ba da safiyar Talatar da na kusa kashe wa jikana sana'a da hannuna, ina ganin ceto nake yi.

Laminu ɗan ɗana ne, a hannuna ya tashi, nan Vénissieux kusa da Lyon, a bene hawa na tara. Sana'arsa rugbi, irin na mutum sha uku (ƙwallo kamar ƙwan jimina, ka rungume ka sheƙa da gudu, ƙarti su taru su kayar da kai, wai kuma biyansu ake yi). Ya fara a wani ƙaramin kulob nan gefen Lyon, wani babba a kudu ya ɗauke shi, ya yi shekara biyu a Ingila ya dawo mini da karkataccen hanci. Ana nan, ana nan, sai aka kira shi ya buga wa ƙasa. Ran Laraba za su taru a Paris, ran Asabar wasa. Ya zo ya yi mana kwana uku kafin ya wuce.

Ni kuwa tun da labari ya fita hankalina bai kwanta ba. Wanda aka cire aka sa Laminu, shi ba shi da uwa? Ba shi da kaka? Na hana shi barin takalmi a bakin ƙofa. Ya yi aski, na share gashin na ƙulle a tsumma. Yana ta dariya.

"Tsohuwa, nan fa Faransa ce."

Na ce, "Maigida, kai dai ci tuwonka."

Ran Talata iyayensa sun fita aiki da sassafe, sai aka buga ƙofa. Wani Nasara ne siriri, da tabarau, da 'yar jaka irin ta ajiye ƙanƙara. Ya nuna wa Laminu kati. Na ce wane ne? Laminu ya ce, "Kontrol ne, ina zuwa." Na zauna ina lissafi a raina. Ko dangi ba duka suka san yaron nan ya kwana a gidan ba. To shi wa ya gaya masa?

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Laminu ya shiga ban ɗaki, mutumin ya bi shi har ciki. Suka fito, jikana riƙe da kofi, da abin a ciki. Mutumin ya sa safar hannu, aka jera kwalba biyu a kan teburin da muke cin abinci, kowace da lamba. Biyu! Na ce a raina, ɗaya a binne a mararraba, ɗaya a jefa a kogi. A garinmu Damagaram sawun ƙafa kawai ake ɗiba a nakasa mutum, balle wannan.

Na yi bisimilla. Gwiwar da ta shekara tana ba ni wahala, ranar ban ji ta ba. Laminu na ajiye kofin don ya buɗe kwalba, na wafce, na juye a masai, na kora ruwa har sau biyu. Na fito na tsaya gaban Nasaran, na karanta abin da na iya, na tofa, na ce da Hausa, "Koma ka gaya wa wanda ya aiko ka, da kakarsa a raye."

Laminu, ƙaton da mutum uku ke wahalar kayarwa, ya sulale ya zauna a ƙasa, hannu a ka.

"Kaka, kin kashe ni."

Da na ji ya ce Kaka, bai ce Tsohuwa ba, sai na san na yi ɓarna. Ya yi mini bayani a hankali. Awo ake yi, a gani ko ɗan wasa ya sha ƙwayar ƙara ƙarfi. Shi da kansa yake rubuta musu inda zai kwana. Idan mutumin nan ya rubuta cewa an ɓata abin awo, cewa za a yi shi ya sa ni, don yana ɓoye wani abu. Babu wasan Asabar, wataƙila babu wasa shekara da shekaru.

Na ce, "To ka sake wani mana."

"Da me? Na ƙarar!"

Nasaran ya buga waya Paris, ya ɗora ta a tebur kowa na ji. Wata mata ce, ta ce bakina take son ji. Laminu ya zama tafinta.

"Ta ce me kika zaci zai yi da shi?"

Na dubi ƙasa. "Binnewa."

"In faɗa mata haka?"

"Faɗa."

Ya faɗa. Sai na ji tari daga Paris, irin tarin da ba na mura ba, kuma ba mutum ɗaya ke yin sa ba. Ta tambayi amfanin kwalba ta biyu, na faɗi kogi. Nasaran ya rubuta duka, aka karanta mini, na sa hannu (ni da ban taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, rubutuna na farko a ofishin Paris shi ke nan). Matar ta ce a sake wani, sauran magana sai sun duba.

Sai zaman jira. Mutumin ba ya ɗauke ido daga Laminu, Laminu na ɗirkar ruwan kwalba. Na tashi na kawo jiƙon tsamiya don in taimaka, su biyu suka haɗa baki: "Non!" Na koma na ɗauki carbi. Shekaruna saba'in da wani abu, na roƙa wa mutane haihuwa, na roƙi ruwan sama, ranar ce na fara roƙa wa ƙato fitsari. Ya ɗan motsa, in ce, "Ya zo?"

"Kaka, don Allah!"

Sai wajen hantsi Allah ya kawo sauƙi. Ba wanda ya kore ni, ni na kai kaina kicin, na cusa hannuwana cikin zane har aka rufe kwalaben.

Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Ran Juma'a Laminu ya bugo waya daga Paris: "Tsohuwa, sun ce in buga." Ran Asabar na gan shi a tele, an kayar da shi ya fi a ƙirga, ban zargi kowa ba.

Abin da na koya shi ne, mai tsaron gida ya riƙa tambaya kafin ya kora ruwa. Na kwana ina neman maƙiyin yaron nan a gari, ashe hannun da ya fi kusa da cutar da shi yana cikin zanena. Sai dai Laminu ya ce kwalba ta biyun ajiye ta suke yi a sanyi, shekara da shekaru. Su yi me da ita? Ban tambaya ba. Ina dai addu'a.