Ranar da Na Je Jami'a Neman Rigima

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na shiga ofishin jami'a a Riyad na nemi a yi faɗa da ni ba.

Na gama kwalejin ilimi a Gumel kenan aka turo maigidana aiki ofishin jakadanci, muka tare a unguwar Malaz. Haihuwa da reno suka sha kaina, takarduna suka yi ta barci a ƙasan akwati. Da 'yata Hanan ta shiga makaranta sai kwaɗayin digiri ya dawo mini. Fargabata ɗaya: kada a ce karatun da na yi a gida bai shiga lissafi ba, in koma aji ɗaya da 'yan matan da na kusa haifa.

Abban Hanan ya bincika, ya ce akwai hanya. Ana duba darussan da mutum ya ci a wata makaranta a ɗauke masa su, sunan abin mu'adala. Ya ce in bari ya nemo wata ta raka ni, tunda maza ba sa shiga sashen mata. Na ce Allah ya sawwaƙe, ni da na yi Islamiyya har aka ba ni kyautar Larabci? (Kyautar kofin roba ce, kuma mu uku ne a ajin.)

A mota na yi ta bitar kalmar har ta narke a bakina. Na shiga, na tarar da wata dattijuwa mai tabarau, Ustaza Nura, ga ɗalibai zaune suna jira. Na yi sallama mai tajwidi, na ɗaga murya na ce na zo mujadala.

Mujadala fa. Jayayya.

Ta sauke tabarau. "Da wa?"

"Da ke. An ce ke ce mai yi."

"A kan me, 'yata?"

"A kan duk abin da na karanta a Najeriya. Na daɗe ina jiran wannan rana."

Wata ɗaliba ta ja kujerarta baya. Ni kuwa na ɗauka fasahata ce ta burge su, sai na ƙara da cewa mijina ma ya goyi bayana, kuma ba zan tafi ba sai an gama.

Na dire takardu a tebur. Ustaza ta duba ta sama, ta dube ni, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta rufe baki da mayafi, hawaye na zuba. Da ƙyar ta ce, "Mu'adala, habibti. Mu'adala!"

Nan na ji abin da na faɗa. Zufa ta keto mini cikin abaya duk da sanyin na'ura. Na fara tattara takarduna in gudu, sai ta dafa hannuna.

"Zauna," ta ce. Ta zuba mini gahawa, ta turo dabino. Ta gaya mini ita ma sai da ta yaye autarta ta dawo aji, kuma ranar farko a banɗaki ta ɓuya tana kuka. Ta bi darussana ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya ina amsawa da Larabcina mai ɗingishi, ba ta ƙara dariya ba. Da ta ga sakamakona na koyarwa ta ce, "Masha Allah, wannan ba za mu bari ya tafi a banza ba."

An ɗauke mini yawancin darussan, na fara daga tsakiya. Har na gama, in muka haɗu a baranda sai ta dunƙule hannu ta ce, "Yau da wa za a yi?"

Yanzu duk wata sabuwar kalmar Larabci sai na fara gwada ta a kan Abban Hanan kafin in fita da ita. Shi ko rigimar na nema, ya riga ya saba.