Yadda Na Share Hotunan Hajjin Surukata

Kwamfutar gidanmu ta tsufa, in ka kunna ta sai ka yi alwala ka dawo ba ta farka ba. Na sayo mata sabuwar ma'ajiya, wadda ake kira SSD. Matata ta ce in kai wa mai gyara a kasuwar Mafara. Na ce ni da na kalli bidiyon aikin, wane mai gyara kuma?

Na ɗaura ta kusa da tsohuwar, na kunna. Da yake sai an share sabuwar kafin ta fara aiki, kwamfuta ta tambayi wace ma'ajiya za a share, na zaɓa. Da ta ce ko na tabbata, har haushi na ji.

Ashe tsohuwar na share, da hotunan Hajjin surukata kaf a ciki.

Matata ta ce, "Malam, kai za ka tahi Bakura ka gaya ma Inna."

Na je na durƙusa na faɗa. Hajiya surukar tawa ta ce ba komai, amma ranar ko fura ban samu ba.

Har yau in na ɗaga waya zan ɗauki hoto a gidan suna, sai ƙannen matata su ce, "A'a, Yaya Mai Shara, bari wani ya ɗauka."